Ranar da Makulli Ya Cije

A Bolari ne, bayan la'asar,
gindin mangwaron da ya daina 'ya'ya.
Fijo 404, ruwan madara,
shekara uku tana kwance tun rasuwar Baba,
kaji sun mai da ƙarƙashinta zaure.

Mai saye zai iso daga Kumo kafin magariba.
Mun wanke ta, mun ba tayoyi iska,
mun zuba fetur, mun aro batir a maƙwabta.
Na zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin wani, ba nawa ba.
Na zura makulli.

Ya shiga. Shi ke nan.
Dama ya ƙi, hagu ya ƙi,
na ja shi baya, ya cije
kamar akuyar da ta hango mahauta.

Gidado, ƙanena, zuciyarsa a kusa take:
"Ba ni filaya, Adda, yanzu zai san ni."
Na ce, in ya karye a ciki fa?
Shi kaɗai ya rage. Ɗan'uwansa ya faɗa ruwa
ranar da Baba ya kai mu Dadin Kowa.
Ya dawo da man gyaɗa a murfin kwalba,
ni ma har na kusa yarda.

Sai ga Baffa Jungudo a kan kekensa,
tsohon bakaniken Tashar Dukku.
Idonsa ɗaya ya yi yana, yatsunsa kuwa ras suke gani.
Bai ko dubi makullin ba.
Ya zagaya motar, ya tsuguna a tayar gaba.

"Wa ya sa dutsen nan?"
Baba ne. Birkin hannu ya daɗe da mutuwa.
"Ba nan take ba, an danne bodari ta ka.
Dutse ya murɗe taya,
taya ta ja sitiyari,
sitiyari ya danne harshen ƙarfe a ciki,
ku kuma kun tasa makulli gaba da zagi."

Suka tura ta baya taku ɗaya.
"Kai, mai da man nan wurin mai ƙosai.
Mai datti yake kira, datti ya zama laka.
Ke, riƙe sitiyari da hagu,
girgiza shi kamar mai tankaɗe.
Dama ta lallaɓa makulli.
Kada ki tilasta shi. Tambayarsa za ki yi."

Na girgiza. Na tambaya.
Wani abu ya ce ƙas daga ciki,
makulli ya zamo a tafina,
haƙoransa sun suɗe kamar na tsohuwa.

"Akwai fensir?"

Na buɗe aljihun gaba.
Littafin Baba ne, ɗaure da roba:
galan nawa, mil nawa, ranar juye,
daren da aka kai Inna asibiti haihuwata,
galan biyu, an ja layi a ƙasa.
Fensirin na tsakiya, guntu,
da sawun haƙorinsa a gindi.

Baffa ya goga bakinsa a kan makulli har ya yi baƙi.
Shiga, fita. Shiga, fita.
"Yanzu."

Tari ɗaya. Tari biyu. Kaji suka watse.
Sai muryar nan
wadda muke jiyowa tun daga kwanar masallaci
mu ruga mu ɓoye ƙwallo, mu ɗauki littafi.

Gidado ya juya baya,
wai hayaƙi ne ya shiga idonsa.

Waya ta hau ruri: mutumin Kumo, ya iso Mil Uku.
Na bar ta tana yi.
Ƙasan layin Baba na ƙarshe
na sa kwanan wata, na rubuta:
makulli ya cije, dutse ne.

Baffa ya ciccíɓi dutsen, ya jefa a but.
"Ko wa zai tafi da ita," in ji shi,
"ya tafi da wannan."